Tayoyin da Suka Suɗe Cikin Wata Biyar

Ranar wata Alhamis da yamma, ana yayyafi, motar ta zame da su a gaban fitilar kan hanya. Direbansu Hawainiya ya taka birki tun daga nesa kamar yadda ya saba, amma maimakon motar ta tsaya cak, sai ta ja jiki ta ƙara gaba kamar taku uku, saura ƙiris ta dunguri bayan wata motar ɗaukar kaya. Anti, wadda ke zaune a baya tana duba wayarta, ta ɗago kai ta dube shi ta madubi. Shi kuwa ya kafe ido a kan titi.

Anti ake kiranta a ɗakin gwajin jini na asibitin da ta shekara ashirin da biyu tana aiki, har sunan ya biyo ta gida. Aikin ya koya mata kada ta yarda da abu sai ta gwada shi da hannunta. Direban kuma shekararsa tara da su, kuma ba a banza yara suka laƙaba masa Hawainiya ba, don mutum ne da ko mai keke ya wuce shi ba ya jin komai. Saboda haka da suka isa gida, ba ta tsaya yi masa faɗa ba. Ta fito, ta zagaya motar, ta sunkuya ta shafa tayar gaba. Gefenta na waje sumul yake kamar tafin hannu.

Tayoyin nan babban ɗansu ne ya sa su wata biyar da suka wuce, da ya zo hutu daga garin da yake aiki. Masu faɗi ne, gajerun gefe, irin na masu son gudu. Ya yi ta yabonsu, wai suna kama titi kamar ƙadangare a bango. Ita dai ba su taɓa burge ta ba. Suna da gunji a kan kwalta, kuma kowane ɗan rami aka shiga sai ta ji shi a ƙashin bayanta. Abu ɗaya ta yarda da shi, idan an zo kwana motar ba ta karkata, sai ka ce an manna ta da ƙasa. Amma wata biyar? Tsofaffin da aka cire sun shekara huɗu.

Ranar Asabar ta ce wa Hawainiya ya huta, ta ɗauki motar da kanta ta kai wa wani dattijo mai sayar da taya, wanda ba ya cikin mutanen da direban ya saba da su. Da gangan ta zaɓe shi. Ta gaya masa kai tsaye cewa tana zargin an sauya mata tayoyi da tsofaffi.

Mai tayan ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana goge gefensu da tsumma yana karanta lambobin da ke jiki. Ya ce ba a sauya ba, duka huɗun fitar mako ɗaya ne. Ya bayyana mata cewa irin waɗannan robarsu taushi gare ta, taushin ne ke sa su riƙe titi, shi ne kuma ke sa titi ya cinye su da wuri. Ba a yi su don cunkoso da ramuka da tsaya-tashi ba. Duk da haka, in daga gida zuwa aiki ne kawai, ya kamata su haura shekara. Sai ya yafito ta da hannu, ya nuna mata kafaɗar tayar gaba, inda robar ta nannaɗe ta yi ƙananan dunƙule kamar an goga ta da zafi. Tsakiya da sauran zane, gefe ne ya tafi.

"Wannan ba matsalar saitin ƙafafun mota ba ce, ba kuma ƙarancin iska ba," in ji shi. "Akwai mai shiga kwana da motar nan a guje, kuma ba sau ɗaya ba. Ko wane ne, yana jin daɗinta."

Ya gargaɗe ta kada ta yarda ta hau su cikin ruwa, don tunda zanen ya tafi, babu inda ruwa zai bi ya fita.

Anti ta koma gida tana juya maganar. Motar kan ajiye ta a asibiti ƙarfe takwas, ta dawo ɗaukarta ƙarfe huɗu. Tsakanin nan ya kamata tana gida a fake, sai dai ɗan aiken kasuwa. Maigidanta, wanda kowa ke kira Injiniya saboda shekara talatin da ya yi yana aikin shimfiɗa hanyoyi, ba ya fita. Wata bakwai ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗan taɓa shi. Ya tashi, yana tafiya da sanda, amma hannun hagu bai gama dawowa ba, likita kuma ya hana shi tuƙi. Wuninsa a falo yake, shi da rediyo. To wa ya rage?

Ta ce a ranta, ruwan da ya kwanta shi ke cin mutum. Wataƙila duk sanyin nan na Hawainiya na ganin ido ne. Wataƙila kuma aron motar yake ba samarin unguwarsu su yi wasa da ita. Ta fara rubuta lambar kilomita a bayan katin aikinta, safe da yamma. Litinin babu abin da ya ƙaru a kan tafiyar da aka saba. Talata ta tarar da kilomita arba'in da ɗaya da ba ta san inda suka fito ba. Laraba lafiya lau. Alhamis arba'in da uku. Ta kuma lura ranakun nan biyu motar kan zo ɗaukarta a wanke fes, har tayoyin an goge su da mai suna ƙyalli.

A hanya ta tambaye shi, cikin sakin murya, ko ya je wani wuri yau. Ya ce kasuwa ce kawai. Ta ce kasuwar ta yi ƙaura ke nan. Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya soma ba ta labarin wata hanya da aka rufe. Gumi ne ke bin bayan wuyansa alhali sanyin motar na kunne.

Da ta kai maganar gaban Injiniya bayan sun ci abinci, ta ɗauka zai fi ta hawa, don a da ko ƙwarzane ya gani a jikin motar sai an ji kansu. Sai ya ce ta bar zancen, tayoyin zamani duk haka suke, ba su da ƙwari. Ta ce mai taya ya faɗi wani abu daban. Ya ce mai taya ciniki yake nema. Ta ce to za ta sallami direban ƙarshen wata. Nan ya ajiye kofin shayinsa ya ce mutumin da ya yi shekara tara bai taɓa ɗauke musu ko allura ba, ba a korarsa a kan roba. Ya ƙara sautin rediyo.

Wannan kariyar ita ta fi daure mata kai. Ta fara tunanin ko Hawainiya ya riƙe masa wani sirri ne da ya sa ba ya iya tsawata masa. Ko kuwa kai shi yake wurin wani mai magani a ɓoye, tunda ya ƙi zuwa gashin ƙashi da asibiti suka rubuta masa. Amma mai zuwa neman magani me ya haɗa shi da gudu a kwana? Duk inda ta juya lissafin, ba ya fita.

Talatar da ta biyo baya ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata wurin, ta hau tasi ƙarfe goma da rabi. Gida a kulle, ba mota, ba Injiniya. Matar da ke da shagon ɗinki a kallon ƙofarsu ta yi mamakin tambayar, ta ce ai duk Talata da Alhamis suke fita, su biyu, su yi hanyar tsofaffin masana'antu. Ita mai ɗinkin ta ɗauka asibiti suke zuwa.

Anti ta san wurin. Can bayan masana'antun da aka rufe akwai wata hanya mai faɗi da aka shimfiɗa don manyan motoci, ba kowa ke binta yanzu ba. Injiniya ne ya kula da aikinta. Ta sa mai tasi ya tsaya a gindin wata bishiya kusa da babbar kwana, ta fito ta tsaya da farar rigar aikinta a hannu. Ba ta fi minti biyar ba ta jiyo gunjin da ta sani. Motar ta ɓullo, ta shiga kwanar ba tare da ta rage gudu sosai ba, tayoyin na kuka siriri, ta fita sumul. Mijinta ne a kan sitiyari, hula a ture, baki buɗe da dariya. Hawainiya na gefensa ya ƙanƙame maƙalin saman ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan kuma a kan birkin hannu.

Da suka juyo, ta fito bakin titi. Motar ta rage gudu tun daga nesa, ta zo ta tsaya a gabanta a hankali. Hawainiya ne ya fara buɗe ƙofa, ya zo ya rusuna gefe, ya ce laifinsa ne. Ta ce ba da shi take ba tukuna.

Injiniya ya sauke gilashi. Bai yi musu ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya ce ranar da aka sa tayoyin, yana zaune a baya ya ji yadda motar ta kwanta a kwana, abin ya tsaya masa a rai har kwana uku. Shi ya matsa wa direban. Da farko zagaye ɗaya ne a hankali, daga baya abin ya zarce.

"Wata bakwai ana ɗaukata ana saukewa kamar buhu," ya ce. "A nan ne kawai nake jin ni ne."

Ta ji maganar har cikin ranta, amma ba ta bari ya gani ba. Ta tambaye shi ko ya san motar ta zame da ita cikin ruwa makonni biyu da suka wuce, saura kaɗan su shige ƙarƙashin motar kaya. Ya juya ya dubi Hawainiya. Direban ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji tsoron faɗa, don ya san in ya faɗa Oga zai daina fitowa, kuma tun da ciwon ya same shi bai ga yana dariya ba sai a nan. Injiniya ya fito da ƙyar, ya dogara jikin motar, ya daɗe yana kallon tayar gaba. Ya kai hannunsa na hagu zai shafa ta, hannun ya yi ta rawa.

Anti ta sallami mai tasi, ta karɓi makulli, ta ce su shiga baya su biyun. Ita ta tuƙo su gida, kilomita arba'in a awa.

Washegari aka cire tayoyin aka sa na gama-gari, masu tauri da dogon gefe. Da ɗan nasu ya bugo waya yana ƙorafin an zubar da kaya masu kyau, ta ce masa su motarsu ta hanyar kasuwa ce ba ta tsere ba, ta bar shi a nan. Ba ta gaya masa sauran ba. Hawainiya kuwa da kansa ya zo ya ce yana son a sallame shi, don ya gaji da tsayawa tsakanin harshe da haƙori. Ta ce masa ta zarge shi da abin da bai yi ba, wannan ta janye, amma ƙaryar da ya kalli idonta ya yi mata tana nan, sai ya wanke ta da aiki. Ba ta sallame shi ba.

Ranar Litinin ta kai Injiniya wurin likitansa, ta kuma faɗi komai a gabansa, har da gudun. Likitan ya sa shi ya matse masa yatsu da kowane hannu, ya gwada ganinsa ta gefe, ya girgiza kai. Ya ce ba yanzu ba. In ya yi sati takwas yana zuwa gashi ba fashi, za a sake dubawa, kuma ko an ba shi izini, tafiyar kusa ce da rana, da mutum a gefe. Injiniya ya nemi a rage zuwa sati shida. Likitan ya ce nan ba kasuwa ba ce.

Da suka fito, ya tsaya a gaban ƙofar sashen gashin ƙashi yana karanta jadawalin da aka manna. Ya tambayi ma'aikaciyar da ke wurin ko suna karɓar mutum tun ƙarfe takwas. Ta ce suna karɓa, ta miƙo masa takarda da biro. Ya jingine sandarsa, ya danne takardar da hannun hagu, ya fara cikawa.