Fulogi na Uku

Tun da aka yi wa Direba aikin ido, gidan ya rasa sakat. Duk ƙuruciyarsa a kan hanya ya ƙarar da ita, yana jan babbar mota daga wannan gari zuwa wancan, kuma ko da ya ajiye aiki bai ajiye ba da umarni ba. Likita ya cire masa yana a idon dama, ya sa masa baƙin tabarau, ya kafa masa sharaɗi: ba sunkuyawa, ba ɗaukar nauyi, ba shiga hayaƙi, ba tuƙi. Sai ya tare a kujerar roba a baranda, kunne a buɗe, duk motar da ta wuce a layi sai ya faɗi ciwonta.

Matarsa, wadda kowa ke kira Tela saboda sana'arta ta ɗinki, ita ta karɓi makullin ƙaramar motarsu. 'Yarsu ta fari ce ta koya mata tuƙi bara, har ta yi lasin, amma a wajen Direba mai lasin daban, direba daban.

Wata safiya ta fita sayo masa maganin ɗigawa. A hanyar dawowa, tana tsaye a mahaɗa tana jiran hannu, sai ta ji sitiyari yana rawa, kujera na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da ta taka totur, motar ta yi tari, ta ja, ta saki, ta sake ja. Haka suka lallaɓa juna har ƙofar gida.

Ba ta gama kashe inji ba ta ji muryarsa.

"Me kika yi mata?"

"Ko sannu da zuwa babu, Malam?"

"Sannu da zuwa. Me kika yi mata?"

Ta miƙa masa maganin, ta ce bari ta kira bakanike, tunda jibi za su koma asibiti. Direba ya gyara zaman tabaransa kamar an zage shi.

"Ina raye a kira wani ya taɓa min mota saboda ɗan misin, ɗan tarin inji kawai? Idona aka yi wa aiki, ba kaina ba. Ke ce hannu, ni ne kai. Buɗe bonet."

Tela ta shiga ta laluba ƙarƙashin sitiyari ta ja wani abu. Murfin tanki ya buɗe. Ta ja na kusa da shi, but ya ɗaga.

"Ci gaba," in ji shi. "Saura ƙofofi huɗu, sai mu iso."

A karo na gaba ta dace. Ta tokare bonet da ƙarfensa, ta tsaya tana kallon tarkacen wayoyi da robobi da baƙin maiƙo. Ita da ta saba kwance keken ɗinki ta mayar ido rufe, nan kam ba ta ga inda ake farawa ba, kuma ba ta da niyyar faɗa masa haka.

Ya sa ta jira injin ya huce. Sannan ya ce ta zaro sandar awon baƙin mai, ta goge da tsumma, ta mayar, ta sake zarowa, ta faɗa masa inda man ya tsaya. Ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Ya sa ta leƙa ruwan lagireto, ta girgiza kan batir ta ji ko ya yi sako-sako, ta buɗe akwatin abin tace iska ta kakkaɓe shi nesa da baranda.

"Na ce maka tari take yi, kai kuma kana duba mata farce," ta ce.

"Haka ake yi. Wanda ya buɗe bonet ya gaida kowa. Yanzu saurara. Kin tuna ranar da aka kawo miki babban kabad ɗin nan, ƙarti huɗu suka ɗauko shi?"

"Na tuna. Kai kana gefe kana cewa a yi dama."

"Ba wannan na tambaye ki ba. To, injin nan ma ƙarti huɗu ne a ciki. Kowane yana son abu uku: iska, mai, da wuta. In ɗaya ya rasa rabonsa sai ya saki hannu, sauran ukun su yi ta tangaɗi da kaya. Shi ne karkarwar da kika ji. Wutar kuwa fulogi ne ke ba da ita. Ga wayoyi huɗu nan masu kauri, kowace ta tafi kan fuloginta. Aikinmu mu gano malalacin."

"Ta yaya?"

"Ni na riga na sani. Na ɗaya ne, kunnena ya faɗa min. Amma don ki koya, za mu gwada."

Ya ce ta ɗaure gyalenta tamau kada fanka ta kama shi, ta ja birkin hannu, ta tada mota ta bar ta a sulo, ba tare da taka totur ba. Ta ɗauko filaya mai hannun roba. Za ta zare waya ɗaya, ta saurara, ta mayar. In karkarwar ta ƙaru, wannan ƙaton yana aikinsa. In babu abin da ya canza, to da ma barci yake yi.

Ta zare ta ɗaya. Injin ya yi kamar zai mutu.

"Malam, na ɗayan naka lafiyarsa lau."

"Daga wane gefe kika fara ƙirga?"

"Daga inda ka ce."

"To, hayaniyar layin nan ce. Ci gaba."

Ta biyu ma haka. Tana kai filaya kan ta uku, sai ta ji wani abu ya harbe ta daga yatsu har kafaɗa. Filayar ta faɗi, ita kuma ta sami kanta taku biyu baya, tana yarfe hannu.

Direba ya miƙe zumbur, kujera ta kife. Ya taho yana laluben iska, ya manta da likita da sharaɗinsa.

"Mene ne? Fanka ce? Nuna min hannun."

"Koma ka zauna. Cizona ta yi, ba ta cire komai ba."

Sai da ya kama hannun ya ƙirga yatsun da nasa yatsun, sannan ya yarda ya koma. Da ya tabbatar ba abin da ya same ta, kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Barka da shiga sana'a. Ni ranar da ta fara yi min haka, sai da na ambaci sunan kakata."

Tela ta kashe mota, ta zaro wayar fulogi na uku ta duba a rana. Robar ta tsage ta gefe, ga ɗan baƙin tabo inda wutar ke tserewa kafin ta isa inda aka aike ta. Ya kwatanta mata sipanar fulogi a cikin akwatin kayan aikinsa, ta kwance na ukun. Bakinsa baƙi ƙirin, jiƙe da fetur, ɗan ƙarfen kansa ya cinye ya zama siriri.

"Wannan yaushe rabonsa da canji?"

Direba ya juya fuska wajen titi. "Ana goge shi da sanfefa, yana komawa sabo."

"An goge shi har ya kusa ƙarewa. Ni ka cika min kunne na lalata maka mota, ashe bawan Allah ne ya gaji da wanka ba abinci."

Ta naɗe fulogin da wayar a tsumma, ta taka zuwa shagon kayan mota a bakin titi, don ya gargaɗe ta kada ta sayi komai sai ta gwada da tsohon. Mai shagon ya dubi maiƙon da ke hannunta.

"Mama, ina bakaniken naki?"

"Yana gida. An hana shi sunkuyawa."

Ta dawo da fulogi huɗu da wayoyi sababbi. Ya ce ɗaya bayan ɗaya za ta canza, kada ta zare wayoyin gaba ɗaya ta rikita layinsu. Ta fara murɗa kowane da hannu har ya zauna daidai, sannan sipana, kuma ba da ƙarfin faɗa ba. Wannan kam bai sha wahalar bayani ba, ta san yadda zare ke lalacewa in an tilasta shi. Da ta murɗa makulli, injin ya tashi sumul, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Ta ɗora tafin hannu a jikin motar, ba rawa. Wani daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"Ba laifi," in ji Direba, yana nuna kansa da yatsa. "Kai ya yi ƙoƙari."

Ranar asibiti likita ya ce idon ya yi kyau, amma tuƙi sai an yi wa na hagu aiki shi ma. Direba ya fito yana ƙunƙuni. A hanya ya ce ta sa giya ta uku, ta bar wa mai babur hanya, ta daina manne wa na gaba. Can sai umarnin ya fara tsinkewa, sannan ya ɗauke. Ta saci kallonsa. Kansa ya jingina da gilashi, baki a ɗan buɗe. Tun aurensu ba ta taɓa ganin ya runtsa a motar da wani ke ja ba.

Ta rage gudu, tana kauce wa ramuka a hankali. A ƙofar gida ta tsaya a inuwa, ta sauke gilashin gefenta, ta zauna tana jiran ya farka. Maƙwabciyarsu ta taho za ta gaishe su, Tela ta ɗora yatsa a leɓe, matar ta juya tana dariya.

Bayan ɗan lokaci ya motsa, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Nan kika tsaya? Tayar baya tana kan dutse."

Ta fita ta duba. Tana kan dutsen kuwa. Ta koma ta matsa gaba kaɗan, sannan ta zagayo ta buɗe masa ƙofa.