Fim Ɗin da Badaru Ya Zaɓa

Badaru ya ƙara murɗa sautin lasifikar har sai da gilashin tagar falon Alhaji Yahya ya fara rawa. A fim ɗin da na'ura ke haskawa a jikin bango, wasu Japanawa biyu na goga ƙarfe a kan waya, ƙarar tana fita kamar injin niƙa ya haɗiye cokali.

"Subhanallahi! Wannan kuma mene ne?" in ji Anti Larai, ƙanwar Alhajin, tana toshe kunnuwa.

"Kiɗa ne, Anti," Badaru ya amsa ba tare da ya waiwayo ba. "Annoba ce ta sauka a ƙasarsu, duk wanda ta kama sai ya tsani rayuwa. Wannan ƙarar ce maganin."

Wata biyu yana jiran wannan Asabar ɗin. Digirin digirgir yake yi a kan finafinai, kuma saura kaɗan a sa ranarsa da Ruwaida lokacin da mahaifinta ya nemi shawarar Alhaji Yahya, shugaban ƙungiyar Hausawan garin Greensboro na Amurka. Alhaji ya ce yaron ba shi da sana'a sai kallo, a bar shi. Aka bar shi. Yanzu Ruwaida tana Atlanta, tana auren wani mai harhaɗa magunguna.

Shi kuwa Alhaji ko a jikinsa. Da ƙungiya ta shirya walimar iyalai a gidansa na unguwar Pleasant Garden, shi da kansa ya kira: "Kai ne masanin fim, ka zo mana da mai kyau."

To, ga mai kyau nan.

Yara ne suka fara tserewa tsakar gida. Mata suka kwashe kulolin waina suka bi su. Maza suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurin waya. Badaru yana jin motoci suna tashi, wani daɗi yana ratsa shi. Gobe duk garin zai san yadda walimar shugaba ta watse tun kafin magariba.

Ya juyo don ya more kallon fuskar Alhaji.

Dattijon yana gaban kujera, ya dafa gwiwoyinsa, hularsa ta karkace. A fim ɗin an kawo wata yarinya mai cutar, an ɗaure mata idanu, an tsayar da ita a fili tsakanin manyan lasifikoki. Hawaye na bin gemun Alhaji, bai share ba.

"Haka ɗakin yake," ya ce, sai da ya ɗaga murya. "Lokacin korona, da Hajiyata take asibiti. Ba su bar ni na shiga ba. Nas ce ta kan ajiye waya kusa da kunnenta, in yi ta magana. Ba na jin komai sai injuna, irin wannan ƙarar sak. Ban taɓa jin wani ya san da ita ba."

Badaru ya kawar da kai daga fuskar dattijon. Ya tuna ranar da Ruwaida ta dawo masa da littattafansa a leda, a wurin ajiye motoci na wani kanti a titin Wendover, ba ta ko kashe motarta ba.

Ya miƙa hannu ya zare wayar wuta. Bango ya koma fari, falon ya yi tsit.

"A'a, me ya faru?"

"Na'urar ta yi zafi, Alhaji. Kuma ta makaranta ce, dole in mayar."

"Saura da yawa?"

"Kaɗan."

Ya naɗe wayoyin a hankali, ya zuge jaka. Alhaji ya biyo shi har bakin ƙofa, ƙafa ba takalmi.

"Badaru, ɗana, kai ka gani ai. Yarinyar nan, ta warke?"

Badaru ya san fim ɗin kamar tafin hannunsa, babi guda ya rubuta a kan ƙarshensa a kundin digirinsa.

"Na manta, Alhaji," ya ce, ya buɗe bayan mota.