Ƙuri'ar Tausayi

Har yau in aka tambaye ni yadda na zama shugaban ƙungiyarmu ta malaman kimiyyar siyasa, reshen birnin Yogyakarta, sai in rasa bakin magana. Ni dai ban nema ba, Allah ne shaida.

Kujerar ta Pak Sudarmaji ce, kowa ya sani (Pak a wajenmu kamar a ce Malam ne, mace kuma Bu). Shi ya koyar da rabinmu, har da ni. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma bai taɓa hawanta ba. Duk zaɓe sai ya janye wa wani na gaba da shi. Bana kam ya sa rai, har sabuwar rigar batik, atamfar gargajiyarmu, ya ɗinko.

Sai dai dokarmu ta hana ɗan takara ɗaya tilo. Bu Retnowati, sakatariyarmu, ta ja ni gefe wajen teburin shayi, ta ce in ba da aron sunana, cikon benci kawai. Na ce to. Wa ya isa ya ce mata a'a?

Mu talatin da huɗu muka jefa ƙuri'a a kwalin taliya. Aka buɗe ta farko, Gunadi, wato ni. Na yi murmushi, na ce ashe ina da masoyi. Ta biyu, Gunadi. A ta goma na ajiye dafaffiyar gyaɗar da nake ci. Bu Retno tana karantawa tana juya takardun, ko akwai wani suna a baya. Da aka gama, ina da talatin da uku, malamina yana da ɗaya tal, wadda na jefa masa.

Kowa a ɗakin na kallon takalminsa. Kaina ya ɗaure tamau. Maguɗi ne? To wa zai yi mini maguɗi, ni da ko matata ba ta san na tsaya ba?

Bu Retno ce ta raɗa mini cewa ita dai ta ga tsohon zai lashe ko ta yaya, sai ta ba ni tata don kar in tashi ba ko ɗaya, in ji kunya. Na kusa da ita ya ce shi ma haka. Ashe kowa lissafin da ya yi ke nan shi kaɗai, mutanen da suka rubuta littattafai a kan halin masu zaɓe. Shi kansa tsohon ni ya zaɓa, don a wajenmu zaɓen kai rashin kunya ne.

Tausayinsa ya kama ni. Na miƙe, na ce na janye, a sake.

"Zauna, Gunadi," in ji Pak Sudarmaji a hankali. "Shekara talatin ina koya muku cewa abin da akwati ya faɗa ya zauna. Yau da ya faɗo a kaina za ka mai da ni maƙaryaci?"

Shi ya fara tafawa. Sai can daga baya sauran suka bi.