Baba Ya Tafi Fankshin

A ofishinsu babu kalmar Turancin da ke shan wahala kamar fankshin. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, sai a ce ba ta fankshin. Idan aka kawo sabon shugaban sashe, tambayarsa ta farko ga kowa ita ce mene ne fankshin ɗinsa, manyan mutane su yi ta kame-kame kamar an kama su da kayan sata. Amma ga mutumin da ake kira Amadadin, fankshin na nufin zauren taro, kujerun roba, lasifika mai ƙugi, da dogon tebur mai farin ƙyalle inda zai zauna a kujerar Darakta.

Aikinsa ke nan, ba shi da wani. Darakta mutum ne da ake gayyata ko'ina, shi kuwa ba ya zuwa ko'ina, sai ya tura wakili. Laƙabin ya fito ne daga jawabin da wakilin ke yi, wanda kullum yake farawa da, "A madadin mai girma Darakta, wanda ya so ƙwarai ya kasance tare da ku, amma wasu muhimman ayyuka suka riƙe shi." Har masu sharar ofis sun haddace.

Amadadin bai ɗauki aikin da wasa ba. Yana da ƙa'ida, kuma yakan karanta wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi: wakili ba shi da kansa. Daga saukarsa mota har ya koma cikinta, shi Darakta ne. Ya taɓa wuce yayansa uwa ɗaya uba ɗaya a bakin wani zaure bai ko ɗaga masa hannu ba, don Darakta bai san mutumin ba. Ba ya kuma ɓata lokacinsa wajen karanta katin gayyata. Direba ke riƙewa, sai an iso ƙofa ya tambaya yau mene ne. An ce ya taɓa taya ma'aikatan wani kamfani da ake rufewa murnar wannan gagarumin ci gaba, kuma aka tafa masa.

A gida kuwa, magana ta farko da 'yarsa Auta ta iya haɗawa tun tana tatata ita ce, "Baba ya tafi fankshin." Da ita ta girma, da ita take sallamar baƙi. Yanzu ga ta tana gama sakandare.

Wata rana yana goge takalmin fita a falo, ta zo ta zauna a hannun kujera.

"Baba, ranar Asabar za a ba ni kyauta a makaranta. Ni na zo ta ɗaya a lissafi."

"Madalla. Ai gado kika yi."

"Ana kiran uban kowa ya fito ya tsaya kusa da shi a yi hoto. Ban taɓa roƙonka ka zo komai ba, Baba. Wannan kaɗai nake so."

Ya ajiye burushin. Maganar ta taɓa shi, don gaskiya ce, ba ta taɓa roƙo ba. Ya ce zai zo, kuma har cikin ransa zai zo ɗin.

Ta yi murmushi, tsokanarta ta motsa. "Ka san mu ma muna da fankshin a lissafi? Akwai wani iri, ko me ka zuba masa, amsa ɗaya yake ba ka."

"To mene ne amfaninsa?"

"Ni ma abin da na tambayi malaminmu ke nan."

Matarsa ta tuntsire da dariya daga kicin. Shi dai bai ga abin dariya ba, ya ci gaba da goge takalminsa.

Ranar Juma'a sakatariyar Darakta ta leƙo ofishinsa ta ce akwai fankshin gobe, kati yana wurin direba. Ya buɗe baki zai ce yana da uzuri, sai ya ji bakin ya ce, "To, an gama." Bakin ya riga ya saba.

Ya zauna ya yi tagumi. Can sai fuskarsa ta washe. Me manyan mutane ke yi idan abu biyu ya haɗe musu? Wakili suke turawa. Wani daɗi ma ya ratsa shi, wai yau shi ne ya kai a wakilce shi. Ya aika aka kira Dogo, mataimakinsa, dattijo mai furfura wanda ya daɗe yana riƙe masa jaka yana jiran ranar da za a ba shi makirufo ko da sau ɗaya.

"Gobe kai ne ni," in ji Amadadin. "Matata za ta gaya maka wurin. Kada ka ba ni kunya. Ka tuna ƙa'ida?"

"Wakili ba shi da kansa, ranka ya daɗe," in ji Dogo, idonsa har ya kawo ruwa.

Da safe ya ce wa iyalin su yi gaba, ya shirya komai. Bai yi ƙarya ba.

A bakin ƙofar wani babban zaure direba ya taka birki. "Yau mene ne?" in ji Amadadin.

"Makaranta ce, ranka ya daɗe. Rabon kyaututtuka."

Amadadin ya gyaɗa kai, ya ce ai lokacin irin waɗannan bukukuwa ne. Sunan da ke rubuce a jikin ƙyallen ƙofa bai tuna masa komai ba, don harkar makarantar yara ta matarsa ce tun fil azal. Shugaban makaranta ya tarbe shi da hannu biyu, aka maƙala masa fure a ƙirji, mai gabatarwa ya sanar da isowar mai girma Darakta, zaure ya miƙe tsaye. Ya zauna, ya gyara kwat, ya soma rarraba murmushin da ya saba daga dama zuwa hagu.

A layin iyaye murmushin ya maƙale. Ga Dogo cikin kwat ta aro wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Kusa da shi ga matarsa, ta zuba masa ido ba ta ko ƙiftawa. Can cikin ɗalibai kuma wani hannu yana ta ɗagowa sama. Auta ce, fuskarta cike da murna, tana nuna wa ƙawayenta shi. A zatonta babanta ya zo, har an karrama shi da babban tebur.

Abu ne mai sauƙi, ya sani: ya raɗa wa shugaban makaranta cewa yarinyar nan tasa ce, idan an kira uba shi zai fito. Amma an riga an kira shi Darakta a lasifika, ga fure a ƙirji, kuma Darakta ba shi da 'ya a nan. Ya harari Dogo, ya yi masa alama da ido ya zauna kada ya motsa. Dogo ya ɗauka ƙarfin gwiwa ake ba shi, ya dafa ƙirji ya rusuna.

Aka zo kan lissafi. Aka kira Auta, ta hau dandamali tana kallon babanta. Mai gabatarwa ya ce mahaifinta ya fito. Kafin Amadadin ya gama shawara da ƙafafunsa, Dogo ya riga ya iso, ya karɓe makirufo ba a ba shi ba.

"A madadin mai girma mahaifin wannan yarinya, wanda ya so ƙwarai ya kasance tare da ku, amma wasu muhimman ayyuka suka riƙe shi..."

Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Zaure ya tafa. Auta ta dubi Dogo, ta dubi babanta, murnar ta sauka daga fuskarta a hankali.

Shugaban makaranta ya roƙi babban baƙo ya miƙa kyautar. Amadadin ya tashi, aka ɗora masa ƙunshin littattafai a hannu, aka kai masa makirufo baki. Dama ta ƙarshe ke nan, kuma ya san haka. Kalma uku ta isa: ni ne babanta. Ya ja numfashi, ya dubi jama'a, ya dubi farin ƙyallen tebur.

"A madadin mai girma Darakta," in ji shi.

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, amma ya kai jawabin har ƙarshe, don bai san yadda ake tsayawa a tsakiyarsa ba. Da ya miƙa mata littattafan ya sunkuyo, ya rage murya.

"Auta, kin ga yadda abin ya zo. Za mu yi magana a gida."

Ta rusuna da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. Idonta ya cika amma muryarta ba ta rawa.

"Na gode, ranka ya daɗe. Idan kun koma ofis, don Allah a gaya wa babana na karɓa."

Mai hoto ya matso yana ɗaga hannu. "Na uba da 'ya za mu yi yanzu. Baba, matso kusa da ita." Dogo ya matsa, ya gyara wuyan kwat. Mai hoto ya juyo wurin Amadadin. "Ranka ya daɗe, a ɗan ja gefe kaɗan, kafaɗarka tana shigowa."

Amadadin ya ja gefe. Mai hoto ya ce a ƙara, ya ƙara.