Saura Guga

Karo na huɗu ke nan Malam Lawali tela ya tashi daga kujerar ƙarfen nan ta filin jirgin Yamai, ya je bakin gilashi ya leƙa, ya komo. Babu jirgi, babu alamarsa. An ce ƙarfe takwas za a tashi zuwa Damagaram, ga shi goma ta gota.

Akwatinsa tuni ya shige ciki, an manna masa takarda an tura shi bayan labule. A cikin akwatin kuwa akwai babbar riga ta shadda, fara ƙal, mai aikin hannu tun daga wuya har aljihu, ta angon da za a ɗaura wa aure gobe bayan sallar Juma'a. Angon ɗan Alhaji Abdulkarim ne, mutumin da ya saya wa Lawali keken ɗinkinsa na farko shekara talatin da suka wuce. Wata huɗu shaddar na ajiye a shagonsa na unguwar Wadata. Sai yau da asuba ya cire allura ta ƙarshe, bayan manyan motocin Damagaram duk sun tashi. Shi ya sa ya zare kuɗi daga aljihunsa ya sayi tikitin jirgi, abin da bai taɓa hawa ba tun da uwarsa ta haife shi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe, Alhaji. E, muna filin jirgi. Yanzu-yanzu za mu tashi."

"Lawali," in ji Alhaji Abdulkarim daga can, "yanzu-yanzun nan naka na san shi. Yaron nan ya ƙi a ɗinka masa wata, ya ce sai taka. Kada ka sa in ji kunya gaban surukai."

Ya kashe, ya bar Lawali da waya a kunne.

Ma'aikacin kamfanin jirgin ya fito, wani dogo mai ɗamarar wuya, an rubuta Alu a ƙirjinsa. Mutane suka yi masa caa. Ya ɗaga hannu, ya yi bayani da Faransanci, ya maimaita da Zabarmanci, sannan da Hausa.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Ɗan gyara ne ƙarami ya rage. Minti talatin, in sha Allah."

Kowa ya koma ya zauna yana gunaguni. Lawali kaɗai ya tsaya yana kallon mutumin. Ya ga yadda ya dubi agogo kafin ya yi magana, ba bayan ya yi ba. Ya ga yadda idonsa ke bi ta saman kawunan mutane. Ya ji yadda ya ja "in sha Allah" ɗin nan ya lanƙwasa shi kamar kalmasa. Wannan murya ai irin tasa ce, shi Lawali. Da ita yake cewa "saura guga, Hajiya" alhali yadi na nan a ninke cikin leda, almakashi bai ko shinshine shi ba. Kifi na ganinka, mai jar koma.

"Babu jirgin nan," ya faɗa a fili.

Matar da ke kusa da shi ta ɗago kai daga takardunta. Madam Ramatu ce, ma'aikaciyar gwamnati da aka aika aiki Damagaram. Tun safe ta taimaka masa ya gane lambar kujerarsa.

"Baba, wa ya gaya maka?"

"Shi ya gaya mini. Ke Faransancinsa kika saurara, ni bakinsa na kalla."

Ta yi dariya. "To ko da hakan ne, zauna. Akwai doka. In suka ɓata mana lokaci, sai sun ba mu abinci. In suka soke tafiyar, sai sun maido kuɗin tikiti ko su sa mu a wani jirgin, kuma da diyya a kai. Haƙƙinmu ne, ba alfarma ba. Amma fa sai wanda ya tsaya har suka faɗa da bakinsu. In ka tafi da ƙafarka, cewa za su yi kai ka fasa."

"Diyya?" Lawali ya zauna. "Don mutum ya ce maka ƙarfe takwas bai cika ba, sai ya biya ka?"

"Sosai."

"Ikon Allah. Dokar nan ta jirgi ce kawai, ko ta shafi kowa?"

"Ta jirgi ce, Baba. Me ya sa?"

"A'a, tambaya ce."

Ya zauna, amma ƙafarsa ba ta zauna ba, sai taka ƙasa take kamar tana kan keke. Ya san akwai wata ƙaramar mota da ke tashi daga tashar Wadata wajen azahar, ta kwana tana tafiya, ta shiga Damagaram da hantsi in taya bai fashe ba. In ta tafi, shi ke nan, sai ta gobe da asuba, wadda za ta isa bayan an gama rabon goro. In ya zauna nan, ga kuɗinsa ga diyya, wataƙila ma jirgin ya zo ya kunyata shi. In ya tashi, kuɗin tikiti ya bi ruwa. Ya dubi agogon bango. Sha ɗaya da kwata.

Sha ɗaya da rabi Alu ya sake fitowa, ya ce saura sa hannun injiniya kaɗai.

"Saura maɓalli ke nan," in ji Lawali a ransa. Daga maɓalli kuwa sai "wuta ce aka ɗauke", daga nan sai "zo gobe". Ya san jerin kamar karatun sallah.

Ya miƙe, ya bi mutumin har bakin ƙofa, ya rage murya.

"Ɗana, ni tela ne."

"To, Baba?"

"Shekara talatin ina wannan aikin da kake yi yau. Ba zan tona ka ba, wanzami ba ya son jarfa. Ka dube ni nan, cikin ido. An yanka yadin ko ba a yanka ba?"

Alu ya waiga dama da hagu. Ya sosa ƙeya.

"Baba, jirgin bai ma baro inda ya kwana ba. An hana mu faɗa sai ƙarfe uku."

"Madalla. Fito mini da akwatina."

"In na fito da shi, sai ka sa hannu kai ka fasa. Babu ko dala."

"Kawo takardar."

Madam Ramatu ta biyo shi da sauri. "Baba, kada ka sa hannu! Haƙƙinka kake zubarwa!"

"Ɗiyata, na gode. Amma akwai mai haƙƙi a kaina da ya riga ni, kuma shi ba shi da doka."

Ya dangwala hannu. Sai da aka yi minti arba'in ana neman akwatin, shi kuwa yana safa da marwa. Da ya fito, bai tsaya cinikin taksi ba. Kabu-kabu ya tare a bakin titi, ya ɗora akwatin a cinya, ya ce wa mai babur ya yi Wadata kamar ana korarsa.

Motar tana nan, an ɗaure mata buhunan albasa a ka. Ya samu wuri a baya, jikin taga, ya ƙi yarda a hau da akwatin sama.

"Yaushe za mu tashi?" ya tambayi direba.

"Saura mutum biyu, Baba."

Lawali ya ƙirga kujerun da babu kowa. Biyar. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, amma yau hancinsa a buɗe yake.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci, mota ta cika, saƙon murya ya shigo daga Madam Ramatu, wadda ta karɓi lambarsa tun safe: an soke tafiyar, sun yi layi ana ba su takardar diyya, da ya yi haƙuri da yanzu yana ciki. Yana cikin saurara aka buga gilashin taga. Hajiya Zuwera ce mai sayar da turaren wuta, wadda atamfarta ke shagonsa tun kafin azumi, ta shigo tasha karɓar kaya.

"A'a! Malam Lawali! Na je shago an ce ka hau jirgi, ashe wannan ne jirgin? To ina ɗinkina? Suna fa ranar Talata ne."

Bakinsa ya buɗe da kansa. Maganar "saura guga" tana nan a kan harshe, a goge, a ninke, kamar kullum. Ya dubi akwatin da ke cinyarsa.

"Hajiya," ya ce, "ko yanka shi ban yi ba. Talata ba zai samu ba. Ki je shago ki ce na ce a ba ki atamfarki, ki kai wa wani tun da sauran kwana."

Hajiya Zuwera ta ja baya, ta riƙe haɓa, ta daɗe tana kallonsa.

"Malam Lawali, lafiyarka kuwa?"

Direba ya tada mota.