Gado Daga Tsohuwar Makara

Shin katako yana tuna abin da ya taɓa ɗauka? Tasi'u ya juya wannan tambaya har ya gaji.

Shekarar da gero ya yi tsada, damina ta jiƙa daɓen ɗakin yaransa, tari ya kama autarsa Hure saboda kwanan ƙasa. Ko gado na hannu ya fi ƙarfinsa a kasuwar Gezawa. Da masallaci ya samu makarar ƙarfe, sai liman ya bar masa tsohuwar. Ya kankare ta, ya kafa mata ƙafafu, ya shafa shuɗin fenti.

Matarsa Furera ta ce, "Malam, 'yata ba za ta hau abin gawa ba."

Ya ce, "Da ita aka kai Baba da Inna, ba ta taɓa kayar da kowa ba."

Kwana uku gadon na jingine a zaure. A na huɗu aka wuni ana ruwa, tarin ya ƙaru. Furera ta daɗe tana kallon katakon, sannan ta ce, "Kama can." Suka shigar da shi, ta shimfiɗa zanenta, ta yi bisimilla, ta kwantar da Hure.