Gaton Madam

Yakura ba ta taɓa shiga shagon Aisami ba, ko da yake shekara biyu ke nan tana kai masa man shanu da ƙwai. A bakin ƙofar baya take tsayawa, ta miƙa ƙwarya, ya juye ya maido mata. Aisami tsohon kukun bariki ne. Da ya bar aiki sai ya gina tanderu kusa da ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin Gure, yana gasa wani abin Nasara da ake kira gato, da garin alkama da sukari da ake kawo masa daga Damagaram. Turawa da akawuna ne masu saye. Mutanen gari kuwa ƙamshin kawai suke shaƙa su wuce, don ana raɗe-raɗin har giya ake zubawa a ciki.

Ran wata Talata da hantsi, Yakura tana kaɗa nono a tsakar gida, sai ga gardi biyu, dogaran kumandan, sun shigo ba sallama.

"Ke ce mai kai wa Aisami mai?"

"Ni ce."

"Taso."

Ko hannu ba su bari ta wanke ba. Suka sa ta gaba, suka ratsa kasuwa da ita. Matan da suke zama rumfa ɗaya da ita duk suka sunkuyar da kai, ba wadda ta kira sunanta.

Cikin shagon akwai duhu da zafi. Ga gato jere a kan tebur cikin faranti, wani zagaye da farin abu kamar kumfa a kansa, wani dogo mai sheƙi. Aisami na durƙushe a gefe, leɓensa a fashe. Kumandan na zaune kan kujera, hularsa a gwiwa, bai ko dube ta ba. Lawali tafinta ne ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Iya, ki saurara da kyau. Jiya Madam, matar kumandan, ta ci gaton nan, tun daga lokacin take amai, yanzu ko mijinta ba ta ganewa. Ya ce a cikinku biyu akwai wanda ya sa wani abu. Aisami ya riga ya ci. Saura ke."

"Ɗan nan, wallahi man da na kawo shi jikokina suka ci a tuwo."

"Na sani, Iya. Ki ci kawai. In kin ƙi, shi ke nan kin amsa laifi."

Aka turo mata faranti. Ta dubi Aisami, ya kau da kai, kuma wannan ne ya fi tsorata ta. Shekara biyu tana ganinsa, amma me ta sani game da zuciyarsa? Ta tuna an ce Madam ta taɓa marinsa a gaban mutane.

Ta yi bisimilla, ta gutsira da yatsu uku. Abin ya narke a bakinta tun kafin ta tauna. Zaƙinsa ya fi na zuma, ga laushi, ga ɗanɗanon manta da ta sani sarai, amma can ƙarƙashi akwai wani ɗan ɗaci da ba ta san ko na mene ne ba. Ta janye hannu daga farantin. Kumandan ya ɗaga ido ya faɗi kalma ɗaya.

"Ya ce duka," in ji Lawali.

Ta cinye. Aka ba ta dogon, ta cinye shi ma, hawaye na sauka cikin farantin.

Daga nan aka fitar da su biyun ƙarƙashin aduwar da ke gaban ofis, gardi na tsaye a kansu, ana jira a gani. Yakura ta zauna tana sauraren cikinta. Duk ƙugin da ya yi sai ta ce ga shi nan ya fara. Ta yi ta karanta abin da ta iya, tana tunanin wa zai tatsi shanunta gobe.

"Aisami," ta ce a hankali, "don Allah gaya mini gaskiya. Ɗacin nan na mene ne?"

"Ɓawon lemo ne, Iya. Na rantse da Alƙur'ani."

Ba ta san ko ta yarda ba.

Aka kira azahar, aka kira la'asar, ba wanda ya mutu. Sai ga Lawali ya fito. Ya ce ma'aikacin asibiti ya duba Madam, zazzaɓi ne mai tsanani, har wani akawu da bai ci komai ba ya kwanta da irinsa.

"Ki tafi gida, Iya."

"Shi fa?"

Lawali ya duƙar da kai. Ya ce kumandan ya ba da umarni a rufe shagon duk da haka, Aisami kuma a kai shi aikin hanyar Gidigir wata uku.

Yakura ta miƙe. Ta bi bayan gari don kada ta sake ratsa kasuwa. Ƴarta Habsu ta tarbe ta a zaure da kuka, tana shafa mata fuska da kafaɗu. Yakura ta ce ba abin da aka yi mata, a dai ba ta ruwa ta yi alwala, salla biyu ta wuce ta.